Me Ya Sa Ɗanmusa Ke Zuwa Bayan Zakka? Tarihin Gado da Maye Gurbi a Harsunan Kwamfuta



Mu ɗauki sunayen garuruwa tara daga yammacin Jihar Katsina: Batsari da Wagini, Safana da Runka da Tsaskiya da Zakka, sai maƙwabtansu Ɗanmusa da 'Yantumaki da Ƙanƙara. Duk wanda ya yi firamare da Hausa zai jera su haka: Batsari, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Runka, Safana, Tsaskiya, Wagini, 'Yantumaki, Zakka. To, a miƙa wa harshen kwamfuta da ake kira Python waɗannan sunaye, a ce ya jera su ba tare da an ƙara masa bayani ba. Ga abin da zai dawo da shi: 'Yantumaki, Batsari, Runka, Safana, Tsaskiya, Wagini, Zakka, Ɗanmusa, Ƙanƙara. 'Yantumaki ta haye gaba, Ɗanmusa da Ƙanƙara kuwa sun koma can ƙurya.

Wannan ba lalacewar inji ba ce. Hali ne da manhaja ta gada daga waɗanda suka gina ta. Maƙalar yau tarihin wata dabara ce da masana kwamfuta suka shafe fiye da shekara hamsin suna gogewa: yadda wanda ya gaji ginin da wani ya yi zai cire abu ɗaya da bai dace da shi ba ya sa nasa, ba tare da ya rushe ginin ba. Mu da muke rubutu da Hausa muna da ruwa da tsaki a cikin maganar, domin ta wannan ƙofa ce haruffanmu ke samun mazauninsu.

Inda matsalar ta samo asali

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1963 aka fitar da wani jadawali a Amurka mai suna ASCII, mai gurabe 128, wanda ya ba kowane harafin Turanci lambarsa. Babban A shi ne 65, babban Z shi ne 90, alamar hamza da muke sa wa 'ya'ya kuwa ita ce 39. Haruffanmu masu ƙugiya, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba su samu gurbi a ciki ba. Sai da jadawalin Unicode ya fito a 1991 suka samu shiga, amma a can nesa: babban Ɓ shi ne 385, Ɗ shi ne 394, Ƙ shi ne 408. Idan manhaja ta tashi jera kalmomi, lambobin nan take kwatantawa. Tunda 39 ba ta kai 65 ba, 'Yantumaki ta riga Batsari. Tunda 394 ta ɗara 90, Ɗanmusa ta faɗa bayan Zakka.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne. A tuna cewa Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma a shekarun nan rashin tsaro ya raba mutanen ƙauyuka da dama da gidajensu, suka koma cikin gari. Duk inda ake rabon tallafi, ko rajistar 'yan makaranta, ko katin asibiti, da jerin sunaye ake aiki. Ma'aikacin da ya duba ƙarƙashin D bai ga Ɗahiru ko Ɗanladi ba, ga layi ya yi tsawo, ga rana, abu ne mai sauƙi ya ce babu sunan, alhali yana nan a shafin ƙarshe, bayan Zubairu.

Oslo: haihuwar gado

A farkon shekarun 1960, wasu mutum biyu a Cibiyar Lissafi ta ƙasar Nowe da ke Oslo, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl, suna neman hanyar kwaikwayon abubuwan duniya a cikin kwamfuta, irin su layin jira da zirga-zirgar ababen hawa. Suka lura cewa abubuwa da yawa suna tarayya a hali. Babbar mota da bas duk motoci ne, sai ɗan abin da ya bambanta su. A harshensu mai suna Simula 67 suka shigo da abin da za mu kira aji, wato bayanin wani jinsin abu tare da dabarun da ya iya. Suka kuma ba da damar a samar da ɗan aji daga uban aji. Ɗan yana gadon duk dabarun uban ba sai an sake rubuta su ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sun bari uban aji ya ware wata dabara ya ce: wannan, idan ɗana ya rubuta tasa mai suna iri ɗaya, tasa za a bi. Wannan shi ne maye gurbi. Hikimar ita ce, ko tsohon rubutun da uban ya yi tun kafin a haifi ɗan, idan ya kira dabarar da sunanta, ta ɗan ce za ta amsa.

Misalin wannan yana nan a gida. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Idan takarda ta fito daga fadar Katsina zuwa ga Sarkin Ruma, sarautar aka kira, kuma wanda ke kan karagar a ranar shi zai amsa, da irin nasa salon. Ba a sake tsarin masarauta don an yi sabon hakimi. Dahl da Nygaard sun samu lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001 saboda wannan aiki, kuma dukansu biyu sun rasu a 2002.

Kwarangwal mai kiran mai gida

Daga Oslo tunanin ya tsallaka Kalifoniya, cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, inda Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka gina harshen Smalltalk a shekarun 1970. A nan ne gado ya haifar da abin da za mu kira kwarangwal ɗin manhaja: gini ne da aka riga aka yi masa tushe da ginshiƙai da rufi, aka bar wa mai shigowa wasu gurabe ya cike. Bambancinsa da tarin kayan aiki shi ne wa ke kiran wa. Kayan aiki kai ke ɗauka lokacin da ka ga dama. Kwarangwal kuwa shi ke tafiyar da harka, idan ya iso gurbin da ka cike sai ya kira ka. Ralph Johnson da Brian Foote sun fayyace wannan juyin a wata maƙala ta 1988, sannan littafin Design Patterns na 1994, wanda Johnson na cikin mawallafansa huɗu, ya yaɗa shi ko'ina.

A tsakanin nan, a 1987, Barbara Liskov ta jami'ar MIT ta kafa sharaɗin da har yau ake kira da sunanta. Ma'anarsa ita ce, duk inda ake sa ran ganin uba, idan ɗa ya zo a madadinsa, kada komai ya ɓaci. Magaji yana da 'yancin sauya salo, amma alkawarin da gidan ya ɗauka yana wuyansa.

Harshe mai tsauri da harshe mai sassauci

Shekarun 1990 sun zo da zuri'a biyu. Ta farko ita ce ta harsuna masu tsauri, irin Java da kamfanin Sun ya fitar a 1995. A Java dole ka bayyana jinsin kowane abu tun farko, kuma akwai manhajar da ke tace rubutunka kafin ya fara aiki, ta mayar maka da shi idan ta ga saɓani. Ta biyu ita ce ta harsuna masu sassauci, irin Python da Guido van Rossum ya fitar daga Amsterdam a 1991, da Ruby na Yukihiro Matsumoto na Japan a 1995. A waɗannan, kana rubutawa kana gwadawa, kuma sai lokacin da aka kira dabara ake neman ta da sunanta. Manyan kwarangwal na kamfanoni da harsuna masu tsauri aka gina su, amma mutane sun fi jin daɗin rubutu da masu sassauci. Sai tambaya ta taso: ɗa mai magana da Python zai iya gadon uba mai magana da Java?

Jim Hugunin ya amsa a 1997 da JPython, wanda aka sauya wa suna zuwa Jython a 2000. Ga yadda yake aiki. Ka ce ajinka na Python ɗa ne ga wani aji na Java. Sai Jython ya ƙera, nan take, wani aji na Java da zai tsaya a tsakani kamar tafinta. Kwarangwal ɗin Java yana ganin wannan tafinta a matsayin ɗan gida. Idan ya kira wata dabara, tafintan zai duba ko ka rubuta mai wannan suna a Python. In ka rubuta, ya miƙa maka kiran, ya juya amsarka ya mayar. In ba ka rubuta ba, ya bar ta uban ta yi aiki. Da haka mai Python ke iya maye gurbin dabarar paintComponent ta kwarangwal ɗin Swing, wadda ake kira duk lokacin da za a zana wani sashe na allo. Wasu suka bi sahu: JRuby ya fara a 2001, shi kansa Hugunin ya sake yin irin aikin da IronPython a kan tsarin Microsoft, wanda ya fito a 2006.

Ramukan da ke kan hanya

Sassauci yana da farashi, kuma tarihin shekarun da suka biyo baya tarihin cike ramuka ne.

Rami na farko shi ne kuskuren rubuta suna. A Python, idan ka yi niyyar maye gurbin dabara amma harafi ɗaya ya kuɓuce maka, babu wanda zai tsawata. Ka ƙirƙiri sabuwar dabara da babu mai kiranta, ta uban kuma tana ci gaba da aiki shiru. Java ta yi maganin nata a 2004 da wata alama mai suna Override, wadda ke sa a ƙi rubutun in babu abin da ya maye. Harshen C++ ya samu irinta a 2011. Python kuwa sai a 2023 ta samu tata, a fitowa ta 3.12, ita ma sai an bi rubutun da manhajar dubawa take amfani.

Rami na biyu shi ne ƙofar da aka kulle. Java tana barin maginin aji ya hana a gaje shi, kuma ajin String, mai riƙe da kalmomi, yana cikin kulallu. Saboda haka babu yadda za ka haifi ɗan String mai jera haruffa irin na Hausa. Abin da aka bari shi ne wata ƙofar gefe mai suna Comparator, wadda ta zo a 1998: ka rubuta dabarar compare da ke faɗin wace kalma ce gaba cikin biyu, mai jerawa ya riƙa tambayarka.

Rami na uku shi ne suna ɗaya, dabaru da yawa. Java tana yarda aji ya mallaki dabaru biyu ko uku masu suna ɗaya, bambancinsu irin kayan da ake miƙa musu. Ajin Python kuwa suna ɗaya dabara ɗaya ce. Wanda ya maye sunan daga Jython ya ɗauki nauyin dukansu, ko ya sani ko bai sani ba.

Rami na huɗu shi ne uban da ba ya bi ta ƙofa. Ita kanta Python da yawancin mutane ke amfani da ita, cikinta da harshen C aka rubuta. Tun 2001 ana iya gadon ajin kalmominta, a maye dabarar da ke faɗin wace kalma ce ƙarama, kuma jerawa za ta bi sabuwar doka. Amma da zarar ka ce a mayar da kalmar manyan baƙaƙe, abin da zai dawo maka kalma ce irin ta uban, dokarka ta zube a hanya. Shi ya sa ƙwararru kan ce, in jerawa kawai kake so, ka yi amfani da mabuɗin jerawa da aka ƙara wa Python a 2004: ka ba ta ɗan aikin da ke juya kowace kalma zuwa matsayinta, ka bar maganar gado.

Rami na biyar shi ne saɓa alkawari. Idan dokarka ta ce Batsari na gaba da Runka, Runka na gaba da Zakka, to dole Batsari ta zama gaba da Zakka. Hanyar jerawa da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, wadda Java ta ara a 2011, ta dogara da wannan, kuma a Java takan tsaya cak ta yi ƙorafi in ta kama doka tana tufka da warwara. Maganar Liskov ke nan ta dawo.

Daga ɗakin jarida zuwa ƙananan hukumomi 774

Akwai abin da zai ba marubuta sha'awa: ɗaya daga cikin manyan kwarangwal na Python a gidan jarida aka haife shi. Adrian Holovaty da Simon Willison sun fara Django a 2003 a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas, aka sake shi ga kowa a 2005. A Django, kowane jinsin bayani, ɗalibi ne ko majinyaci ko gari, ɗa ne ga wani uban aji mai dabarar save, wadda ke kai bayanin rumbu. Mai gina manhaja yakan maye gurbinta don ya gyara wani abu kafin ajiya, sannan ya kira ta uban ta ƙarasa. In ya manta da kiran uban, babu abin da zai shiga rumbun, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Haka nan in aka zuba bayanai dubbai a lokaci guda ta hanyar gaggawa, Django ba ya bi ta save, gyaran ya wuce su.

Wannan kwarangwal ya iso ƙasarmu. A farkon shekarun 2010, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun ƙarni, tare da Jami'ar Columbia ta Amurka, ya ƙidaya makarantu da asibitoci da wuraren samun ruwa a ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya, har da Batsari da Safana, ta hanyar wayoyin hannu. Manhajar da ta karɓi bayanan, Formhub, da Django aka gina ta, kuma daga zuriyarta ne aka samu wani sashe na KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji ke yawan aiki da shi yau. Ke nan sunayen ƙauyukanmu sun daɗe suna ratsa dabarun da aka gada daga Oslo da Kansas.

Dokar Hausa kuwa tana nan a rubuce. Ƙungiyar Unicode tana da wata taska mai suna CLDR da ke tara ƙa'idojin harsuna. A cikinta an ce ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, sh na bin s, ts na bin t, 'y kuma na bin y. Bisa wannan, Tsaskiya tana bayan Tudun Wada, Shinkafi tana bayan Sumaila. Rumbun bayanai na PostgreSQL ya fara iya amfani da irin waɗannan ƙa'idoji a 2017. Abin da ya rage shi ne mai gina manhaja ya san da su, ya kuma san a wane gurbi zai sa su, domin in rumbu ne ke jerawa, gyaran da aka yi a Python ba zai taɓa shi ba.

Rabon marubuci

Duk ƙwarewar mai manhaja, ba zai iya maye gurbin doka ba sai an faɗa masa dokar da za ta hau. Wannan aikinmu ne, kuma yana da sassa uku.

Na farko, mu rubuta ƙugiya. Babu dabarar jerawa da za ta gane cewa baƙi ake nufi in an rubuta baki, ko ƙafa in an rubuta kafa, ko faɗa in an rubuta fada. Wanda ya rubuta Danmusa da D ya ɓoye matsalar ne, ya kuma koya wa injin cewa harafin ba shi da amfani. Allon rubutu na Hausa yana nan a wayoyin Android, sai dai a kunna shi.

Na biyu, mu tsaya a kan hamza ɗaya. Akwai miƙaƙƙiya mai lamba 39, akwai lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kansa mai lamba 8217, akwai wata ta uku mai lamba 700, sannan 'yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kuwa huɗu ne. Littafin da ya gauraya su, in an nemi 'yanci a cikinsa za a samu wasu a rasa wasu. Kuma a yi hattara da manhajar da ke gyara kanun labari da kanta: dabarar title ta Python tana mayar da ma'aikata zuwa Ma'Aikata, domin tana ɗaukar hamza a matsayin ƙarshen kalma.

Na uku, in aka ba ka aikin fassara manhaja, ko tsara ƙamus, ko fihirisar littafi, ko rajistar ƙungiya, ka gwada ta da sunaye taran nan kafin ka sa hannu. In Ɗanmusa ta zo bayan Zakka, ka gaya wa mai ginin cewa akwai dabarar gado da ke bukatar maye gurbi, ka kuma rubuta masa jerin haruffan Hausa da hannunka. Gyaran kansa bai fi 'yan layuka ba, kuma ƙofar yin sa a buɗe take tun 1967.

Allah ya ƙara mana basira, ya kawo zaman lafiya a Batsari da Safana da sauran yankunanmu.